Fuskar da Dron Ya Ɗauka

A unguwar Ayeropor ba sai an duba agogo ba kafin a san la'asar ta yi. Jirgin yamma ke faɗa wa mutane. In ya sauko ta saman gidan Alhaji Shu'aibu, murafen tukwane sai sun yi rawa, mai magana kuma ya riƙe kalmarsa a baki har ƙarar ta wuce. Iklima ta daɗe da sabawa. Tun da gwaggonta Hajiya Mariama, matar Alhajin, ta ɗauko ta riƙo daga Tahoua ta ƙasar Adar bayan rasuwar babanta, saman benen nan ne kaɗai wurinta a gidan. Nan take shanya, nan take ɓuya da kayenta, littattafan rubutunta na tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, don a ƙasa ba a ganin ta zaune a ƙyale ta. Jarrabawar bak, ta shiga jami'a, ta matso, kuma duk ɗakin innarta ba wanda karatu ya taɓa kaiwa nan sai ita.

Sai Anas ya haye mata benen da dron ɗinsa.

Anas ɗan Gwaggo ne, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, sauran duk mata ne. Alhaji ya sayo masa abin daga Dubai don ya rarrashe shi bayan bak ta kada shi bara. Ɗan ƙaramin abu ne mai farfela huɗu da ido ɗaya a ciki, yana kuka kamar taron zuma. Anas kan raɓe a inuwar tankin ruwa, don rana ba ta barinsa ganin gilashin telekomandi, abin tuƙa dron ɗin, ya tura abin can wajen katangar filin jirgi, ya ɗauko hoton jirage suna sauka ya nuna wa ƴan fadarsu, samarin da suke zaman shan shayi tare.

"Ke ƴar Adar, ɗaga kai ki yi murmushi. Yau birni zai san ki."

"Kai dai rago, je ka buɗe kaye. Ko so kake bak ta sake zaunar da kai?"

Taubasai ne, ɗan mace da ɗiyar namiji, duk abin da suka faɗa wa juna wasa ne, ba mai shiga tsakani. Ran nan ya fito daga inuwa ya danƙa mata telekomandin a hannu, ya ruga ya koma yana dariya. Ta riƙe shi kamar garwashi, ta ɗaga kai tana neman abin a sama, tana cewa ya zo ya amshi tsiyarsa. Abin yana tsaye bisa kanta, idonsa a fuskarta.

Da yamma ta sami Gwaggo tana tsintar shinkafa, ta durƙusa.

"Gwaggo, abin nan na Anas, hanyar jirage yake kai shi. Malaminmu ya ce ko tsuntsu ya shiga injin jirgi yana iya kashe shi, balle abu mai batir."

"To, madam pilot. Wasan yara ne. Gara shina bisa bene ina jin motsinshi da ya tafi fada shan abin da ban sani ba. Tashi ki ɗora ruwan zafi."

Ranar da Alhaji zai dawo daga Makka gidan duk ya tafi tarya. Anas ya ce kansa na ciwo. Iklima aka bar wa girki. Ta hau bene kwaso dardumai da ta shanya, ta tarar da mai ciwon kai a inuwar tanki, harshe a waje, yatsu na rawa bisa telekomandi.

"Anas, jirgin alhazai ne fa."

"Shi ya sa. Baba zai ga saukarshi daga sama. Yi mini shiru."

Jirgin ya taho, tayoyi a waje, ya yi ƙasa har ana ganin tagoginsa. Iklima ta hango ɗan baƙin ɗigo yana hawa gabansa. Ba ta san lokacin da dardumar ta faɗi daga hannunta ba. Jirgin ya yi wata ƙara da ba ta taɓa ji ba, ya karkata, ya ɗaga hanci ya koma sama da ƙyar kamar jaki da aka ja wa linzami. Wani abu ya yi walƙiya, ya faɗo yana juyi bayan katangar filin. Awakin unguwa suka watse.

Gilashin hannun Anas ya yi baƙi. Ya juyo, ya ga ta gani.

"Taubashiya," ya ce, leɓensa a bushe, "ba ki ga komai ba, ko?"

Jirgin ya yi kewaye ya sauka lafiya. Alhaji ya iso gida da farar jallabiya, tsakar gida cike da maƙwabta, ana raba dabino da zamzam a ƴan kofuna. Amma ba labarin Arfa ya fara ba.

"Muna ganin rufin gidajenmu ta taga, jama'a, sai aka fizge mu sama. Wata tsohuwa ƴar Dosso ta suma. Na kusa da ni ya fasa goshi. Salati kawai kake ji. Matuƙi ya ce wani abu ya bugi fiffike. Mun tsira daga zafin Mina, a ce a ƙofar gida za a kashe mu?" Ya ɗaga hannuwa. "Duk wanda ya yi wanga aiki, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Allah ya ɗanɗana mashi irin abin da muka ɗanɗana."

Kowa ya san addu'ar sabon alhaji ba ta faɗuwa ƙasa. Tsakar gida ta amsa da amin, muryar Gwaggo ta fi ta kowa. Iklima na tsaye da tire a hannu. Ita ma ta ce amin, a hankali, ba ta dubi kowa ba.

Baƙi ba su gama zuwa barka da sauka ba jandarmomi suka tsaya da mota a ƙofar gida. Babbansu, Ajidan Sumana, ya yi sallama da ladabi, ya ja Alhaji gefe ya nuna masa portabul, wayarsa ta hannu. Sun tsinci gawar dron ɗin, katin da ke cikinsa bai lalace ba. Ga jirage, ga benen gidan, ga tankin ruwa mai shuɗin fenti. Ga kuma fuska ɗaya tak: yarinya da telekomandi a hannu, ta ɗaga kai tana kallon sama.

Gwaggo ta ce a bari yarinya ta sa hijabi. Ta ja Iklima ɗaka, ta tura ƙofa. Anas na ciki ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Alhaji ya shigo, ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya zauna bakin gado yana jan tasbahar da ya zo da ita daga Madina. 

"Ɗiyata," Gwaggo ta kama hannayenta biyu, ita da ba ta taɓa ce mata ɗiyata ba. "Kin ga zamanin da muke ciki. Namiji, saurayi, da ɗan gemu, an kama shi da wanga abu kusa da filin jirgi? Ɗan ta'adda za su ce. Ba za mu sake ganin shi ba. Ke ko mace ce. Ba a riƙe mace. Faɗa za su yi maki su sako ki, ki kwana gida."

"Gwaggo, bak..."

"Bak mi? Da sauran lokaci. Ai ba ƙarya za ki yi ba, hoto ya riga ya yi magana. Shiru kawai za ki yi. Ni na riƙe ki da babanki ya bar ki. Yau ɗaya na roƙe ki abu."

Iklima ta dubi Alhaji. Tana jiran mutumin da ya ɗaga hannu a tsakar gida ya buɗe baki. Ya gyara hula.

"Ki bi maganar gwaggonki," ya ce. "Ni zan bi sauran."

A birgad, ofishin jandarmomi, Ajidan Sumana ya ajiye wani telekomandi gabanta.

"Nuna mini yadda ake tada shi."

Ta dubi maɓallan. Ba ta ma san na kunnawa ba. Ajidan ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya.

"Ɗiyata, ina da kamarki a gida. Mutum ɗari da wani abu ne cikin jirgin nan. Wanga ba laifin da ake yi wa faɗa ba ne. Na tambayi yaron gidanku, ya ce shina fada, abokanshi sun shaida. Maigidan ya ce abin na hannun kowa a gida. Saura ke. Faɗa mini suna guda, ki tafi."

Ta taga tana hango Alhaji zaune a benci, farar hularsa, jandarmomi ƙanana na zuwa suna gaishe shi suna neman addu'a. Ta tuna shinkafar gidan da ta ci, da kuɗin lakwal da ake biya mata na karatu, da innarta da ke cewa kullum, gwaggonki uwa ce, kar ki ɗaga mata ido.

"Ni ce," ta ce.

Ba ta kwana gida ba. Daga birgad aka wuce da ita gaban alƙali, daga nan sai gidan kaso, ɓangaren mata, a jira shari'a.

Matan ɗakin suka sa mata suna Pilot. Wata Bazabarma mai suna Adama, wadda aka kawo kan faɗan kasuwa, ita ta matsa mata wuri a tabarma.

"Ke ce kika so kada jirgin alhazai? Da waɗannan ƴan hannuwan? Ko kaza ba ki iya kadawa." Ta dube ta sama da ƙasa. "Wa kike ɗaukar wa kaya?"

Iklima ta sunkuyar da kai.

"Kala suru," in ji Adama da Zabarmanci, wato sai haƙuri. "Amma ki sani, mai ɗora maka kaya ba ya tambayar wuyanka."

Zuwan farko Gwaggo ta zo da kaza da fanke, ta yi kuka har mai gadi ya ba ta haƙuri. Alhaji na ganin manya, in ji ta, gobe ko jibi. Iklima ta roƙi abu ɗaya, a kawo mata kayenta. Zuwa na biyu Gwaggo ta zo da shinkafa da wake, ba kaye.

"Anas na dubawa. Nashi ba su cika ba, kin san halinshi. Ke ai kin haddace."

"Gwaggo, ko an yi wa lise, makarantarmu, magana? Wata ta ce ana iya roƙo a kai mutum ya rubuta da rakiya."

"A kai ki da jandarma gaban ɗiyan mutane? Ki rufa mana asiri, Iklima. Alhaji sabon dawowa ne, sunanshi na bakin kowa."

Sai ta ciro portabul ta kira Tahoua, ta riƙe shi da kanta kusa da kunnen Iklima, ba ta sakar mata ba.

"Iklima?" Muryar Inna ta fito siririya. "Mi ya kai ki wasa da jirgi? Karatu na aike ki ko iskanci? Gwaggonki ta ce kin biye wa ɗiyan birni. Kin sa ba ni iya ɗaga kai gaban dangin babanki."

Idon Gwaggo na kan bakinta.

"Ki yi haƙuri, Inna," ta ce.

Daga nan Gwaggo ta fara ciwon ƙafa. Direba ke kawo kwano. Sannan mota ta lalace. Sannan kwanon ma ya daina zuwa, Iklima ta koma cin tuwon kaso da abin da Adama ta gutsura mata. Ƙuraje suka feso mata a wuya. Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Duk da haka kullum da safe takan zauna ta fuskanci bango tana maimaita darasi da ka, tarihi, falsafa, lissafi, tana rubutu da yatsa a cinya. Duk ƙarar buɗe ƙofa sai ta miƙe.

Ranar da aka fara bak ta yi wanka tun da sassafe, ta ɗaura zanenta mai ɗan kyau, ta zauna kusa da ƙofa. Matan suka daina yi mata ba'a. Rana ta hau, ta yi tsaka, ta karkata. Da la'asar jirgi ya wuce can nesa, ƙararsa kamar ta cikin mai yunwa. Iklima ta tashi daga bakin ƙofa ta koma tabarma. Daga ranar ba ta sake rubutu a cinya ba.

Damina ta yi nisa kafin a yi shari'a. Alƙali ya dubi shekarunta, ya ce zaman da ta yi ya isa, amma laifin ya hau sunanta, zai kuma bi ta duk inda za a nemi takardar shaidar hali. Direba aka aiko ya ɗauko ta.

Ta tarar da gida cike da ƙamshin soyayyen nama. Anas ya ci bak, an samo masa makaranta a Maroc, jirgin yamma zai bi yau ɗin nan. A zaure, kusa da takalman baƙi, ta ga jakarta a ɗaure da igiya, da bokitinta a kai.

Gwaggo ta rungume ta da gefen jiki.

"Sannu, sannu. Kin ga yadda Allah ya sassauta? Yanzu ki tafi Tahoua ki huta. An yankar maki biye, tikitin kar ɗin rana, babbar motar nan. Kin san bakin mutane, ɗiya mace da ta kwana kaso... ga masu neman auren ƙannenki suna zuwa. In ƙura ta lafa sai a gani."

Alhaji ya fito ya miƙa mata ƴar gorar zamzam da darduma sabuwa cikin leda.

"Tsarabarki, tun tuni aka ajiye maki. Haƙuri ba ya ɓaci. Bak kuma ana yin ta kowace shekara."

Sai ga Anas da sabon yadi, ya yi ƙiba, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ƴar kaso! Pilot! An ce can ma ke ke ba su darasi." Ya ga ba ta yi dariya ba. "Haba, taubashiya, wasa ne fa."

"Kayena fa?"

Ya sosa ƙeya. "Na ba wani a fada. Ko mai shayi ya kunna gawayi da su, ban sani ba."

Gwaggo ta tura shi gaba da gwiwar hannu. Matafiyi ba ya barin gida sai ya nemi gafarar mutanen gidan, ya bi kowa tun safe, ita kaɗai ta rage. Iklima ta gane ba don ita Gwaggo take neman gafarar nan ba.

"To, a yafe mini," in ji Anas, yana duban agogo.

 Ana cikin haka Moussa, babban abokinsa na fada, ya shigo da kwali a hammata, ya gaida mutane a gurguje ya nufi matakalar bene. Iklima ta san irin kwalin. Hoton abin na jikinsa, farfela huɗu da ido ɗaya.

"Gwaggo," ta ce, "kin ga abin da Moussa zai hau da shi?"

Moussa ya tsaya yana washe baki. "Ƴan fada muka haɗa muka saya, Hajiya. Za mu ɗauki tashin jirginshi, mu aika mashi ya gani."

Iklima ba ta taɓa sanin mai ciwon ƙafa na iya gudu haka ba. Gwaggo ta fizge kwalin, ta zazzage shi a tsakar gida, ta ɗauki taɓarya. Bugu take tana ihu, ɗankwalinta ya faɗi, baƙi sun fito daga falo da nama a hannu.

"Ɗana zai kasance ciki! Ɗana za ku kashe mini? Ba ku san akwai mutane cikin jirgin ba?"

Ba ta tsaya ba sai da abin ya zama gutsattsari. Ta tsaya tana haki.

Ashe ana iya hanawa. Ashe taɓarya ɗaya ta isa, kuma tun ranar tsintar shinkafa taɓaryar nan na jingine a inda take.

"Wancan ma akwai mutane a ciki, Gwaggo," in ji Iklima. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa a tsakar gidan ya ji. "Har da Baba."

Alhaji ya dubi baƙinsa, ya dubi ƙasa. Gwaggo ta saki taɓaryar ta kamo gefen hijabin Iklima, ta rage murya.

"Ki yafe mashi. Don Allah, don darajar babanki. Jirgi zai hau. Kin ji abin da Alhaji ya roƙa ran nan, da bakin da ya sha zamzam. Ce kin yafe, ko hankalina ya kwanta."

Iklima ta dube ta ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ta gidan.

"Ba ni na yi Allah ya isa ba, Gwaggo. Baba ya yi. Ni amin kawai na ce, kamar yadda kika ce."

Ta zare hijabinta daga hannun Gwaggo a hankali. Ta ajiye gorar zamzam da dardumar bisa tabarmar zaure, a jere, kamar kayan da aka ba ta ajiya. Ta ɗora jakarta a ka, ta rataya bokiti.

Kar ɗin Tahoua bai tashi da rana ba, sai da ya cika. Hanyar Dosso ta bi da su gefen katangar filin jirgi daidai lokacin da jirgin yamma ke ɗagawa, gilasan kar ɗin suna kaɗawa. Tsohuwar da ke kusa da ita ta leƙa ta taga, ta tafa hannu.

"Ikon Allah. Allah ya sauke su lafiya."

"Amin," in ji Iklima, don akwai ɗiyan mutane a ciki.

Tsohuwar ta dubi ƙurajen wuyanta, ta dubi bokitin da ke tsakanin ƙafafunta.

"Ɗiyata, hutun lakwal za a je? An ci jarrabawa dai ko?"

"An ci, Inna," ta ce. "Da kayena aka ci."